Motoci Masu Ƙwanji: Yadda Abin Hawan Samari Ya Koma na Dattawa

A watan Disamba na 2023, masana'antu biyu suka daina ƙera motoci biyu da suka daɗe suna gogayya da juna. A birnin Lansing na jihar Michigan aka fitar da Chevrolet Camaro ta ƙarshe, a garin Brampton na Kanada kuma aka rufe layin da ke haɗa Dodge Challenger. Cikin manyan abokan hamayya uku, Ford Mustang ce kaɗai ta rage a fage da injinta mai silinda takwas. Motar da kamfanin Dodge ya fara kawowa a madadi, wato Charger Daytona, da lantarki take aiki. Nauyinta ya haura kilo 2,600, kuma an maƙala mata lasifika a baya domin ta riƙa kwaikwayon rurin injin da ba ta da shi.

Amurkawa suna kiran irin waɗannan motoci muscle car, ma'ana mota mai ƙwanji: katon inji a cikin mota madaidaiciya mai ƙofa biyu, wadda tayoyin baya ke turawa. Tun kafin zuwan lantarki, masoyansu suna da ƙorafi uku da ba su gajiya da maimaitawa game da na zamani. Sun yi tsada har matashi ba ya iya saye. Sun yi nauyi fiye da kima. Siffarsu kuma ko dai kwaikwayon ta da ce, ko kuwa ta yi nisa da ta da har ba a gane su. Kowanne daga cikin ƙorafe-ƙorafen yana da ƙamshin gaskiya, amma tarihi ya nuna cewa tushensu guda ne: mutumin da aka ƙera wa motar a 1964 ya bambanta da wanda ake ƙera wa ita a yau, ko da kuwa sau da yawa mutum ɗaya ne da shekaru suka hau kansa.

Dabarar da ta kauce wa doka

A farkon 1963 shugabannin General Motors suka haramta wa rassan kamfanin shiga tseren motoci. Reshen Pontiac ya fi kowa jin zafin hukuncin, domin da tsere ya gina sunansa a idon matasa. Akwai kuma wata ƙa'ida ta cikin gida da ta hana sa injin da ya wuce lita 5.4 a motoci matsakaita. Babban injiniyan Pontiac, John DeLorean, da abokan aikinsa Bill Collins da Russ Gee, suka lura cewa injin lita 6.4 na manyan motocinsu zai zauna daram a cikin ƙaramar Tempest. Tun da ƙa'idar ta shafi injin da mota ke zuwa da shi ne a matsayin na asali, sai suka mayar da katon injin wani zaɓi da mai saye zai ƙara kuɗi a kai, ƙasa da dala 300. Suka aro sunan GTO daga wata motar tsere ta Ferrari.

Sashen ciniki ya yi hasashen sayar da 5,000. A shekarar farko aka sayar da 32,450, a 1966 kuwa adadin ya kusa kai 97,000. Lokaci ne ya zo daidai. Yaran da aka haifa da yawa bayan Yaƙin Duniya na Biyu sun fara cika shekara 18 a 1964, aikin masana'anta yana biyan albashi mai kauri ga wanda bai wuce sakandare ba, galan ɗin fetur kuma bai wuce kimanin santi 30 ba. A ranar 17 ga Afrilu na wannan shekara Ford ya ƙaddamar da Mustang a kan dala 2,368, bisa ƙashin ƙaramar Falcon, ya sayar da fiye da 400,000 cikin wata goma sha biyu. Camaro ta biyo baya a ƙarshen 1966, Challenger kuma a ƙarshen 1969.

Motar da ta fi bayyana manufar ita ce Plymouth Road Runner ta 1968. Masu tsara ta sun ga cewa GTO da ire-irenta sun fara tara kayan alatu, farashi yana hawa. Sai suka cire duk abin da ba ya ƙara gudu, suka bar doguwar kujera irin ta motar haya, suka sa injin lita 6.3, suka tsayar da farashi ƙasa da dala 3,000. Kamfanin ya biya Warner Bros. dala 50,000 domin amfani da sunan tsuntsun nan na zane mai motsi, har aka yi wa motar ham mai kukansa. An sayar da kusan 45,000 a shekarar farko. Abin lura a nan shi ne, ƙorafin tsada ya girmi motocin zamani da shekara arba'in, domin shi ne ma ya haifi Road Runner.

Akwai kuma abin da ake yawan mantawa game da wancan zamani: tun daga farko an cakuɗa gaskiya da talla. A watan Maris na 1964 mujallar Car and Driver ta wallafa gwajin GTO da sakamakon gudu mai ban mamaki, wanda ya taimaka ƙwarai wajen yaɗa sunanta. Shekaru da yawa bayan haka, Jim Wangers, mai tallata Pontiac, ya amsa cewa an sa wa motar gwajin injin lita 6.9 a ɓoye. Alƙaluman ƙarfin doki ma haka suke. Ana auna inji ne a kan teburin gwaji, babu matatar iska, babu salansa, babu sauran kayan da ke cin ƙarfinsa a cikin mota. Shahararren injin Hemi na Chrysler, mai lita 7, an ce yana da ƙarfin doki 425, amma da aka auna shi a 1971 yadda yake a jikin mota, 350 aka samu.

Abin da ya kashe su

Zamanin bai cika shekara goma ba. Kamfanonin inshora ne suka fara kai hari, bayan sun ga yawan haɗurran da samari ke yi da motocin da ƙarfinsu ya fi birkinsu da tayoyinsu. Kusan 1970 suka ɗora ƙarin kuɗi mai tsanani a kan matashin da ya sayi mota mai katon inji, abin da ya raba motar da ainihin mai sayenta. Littafin Ralph Nader na 1965 a kan rashin amincin motocin Amurka ya riga ya share fagen dokar tarayya ta 1966 kan kare lafiyar masu hawa. Dokar tsaftar iska ta 1970 ta tilasta rage hayaƙi, kamfanoni suka sassauta matsin injuna domin su iya shan fetur marar dalma, daga 1975 kuma aka fara sa na'urar tace hayaƙi a salansa. Hemi ya ɓace bayan 1971.

Sai kuma takunkumin mai da ƙasashen Larabawa suka ƙaƙaba a Oktoban 1973. Farashin gangar ɗanyen mai ya tashi daga kimanin dala 3 zuwa kusan 12. Wannan tashin farashi, wanda ya cika baitulmalin Nijeriya a shekarun Gowon, shi ne ya jera Amurkawa a dogayen layuka a gidajen mai. A 1974 aka daina ƙera Challenger da Barracuda da GTO. Mustang ta tsira ne ta hanyar ƙanƙancewa: an sake gina ta a kan ƙashin Pinto, a 1974 ba ta da injin silinda takwas sam a kasuwar Amurka, da ya dawo a shekara mai zuwa kuma ƙarfinsa bai wuce doki 140 ba. Masoya har yau suna raina wannan Mustang II, alhali an sayar da kusan 386,000 a shekararta ta farko. Ba wannan ne karo na ƙarshe da bakin masoya da aljihun masu saye suka saɓa ba.

Dawowa da tsohuwar fuska

Gajeren zamani yakan yi saurin zama almara. Finafinai sun taimaka: Mustang mai launin kore da Steve McQueen ya bi Charger da ita a titunan San Francisco cikin Bullitt na 1968, da farar Challenger ta Vanishing Point na 1971. Yaran da suka kalli waɗannan finafinai, ko suka sayar da motocinsu lokacin da aure da haihuwa suka zo, sun kai shekara hamsin da wani abu a farkon ƙarnin nan, 'ya'ya sun tashi, kuɗi ya taru. Kasuwar gwanjo ta nuna ƙarfin begensu. A 2014 aka sayar da Plymouth Hemi 'Cuda ta 1971 mai buɗaɗɗen rufi a kan dala miliyan 3.5, a 2020 kuma Mustang ɗin Bullitt ta kai dala miliyan 3.74.

General Motors ya gwada dawo da tsohon suna, ya kuma koyi darasi. A 2004 Bob Lutz ya sa aka shigo da Holden Monaro daga Ostareliya aka liƙa mata sunan GTO. Mota ce ingantacciya, mai ƙarfin doki 350, daga baya 400, wadda ta fi GTO ta asali a kowane ma'auni. Sai dai siffarta mai santsi ba ta tuna wa kowa da 1964 ba, masoya suka ce ta yi kama da motar zuwa ofis. Bayan shekara uku aka dakatar da ita, jimillar abin da aka sayar bai wuce kimanin 40,000 ba.

Ford ya bi ta wata hanya. Mustang ta 2005, wadda aka zana ƙarƙashin jagorancin J Mays, ta ɗauko zagayayyun fitilu da doguwar gaba da gangaren baya na ƙarshen shekarun 1960, ta kuwa samu karɓuwa nan take. Dodge ya fito da Challenger a 2008 tana kama da ta 1970 kamar an tsaga kara. Chevrolet ya dawo da Camaro a 2009, bayan shekara bakwai da dakatar da ita, da fuskar ta 1969, bayan fim ɗin Transformers na 2007 ya riga ya tallata ta ga yara.

Daga nan masu zanen motocin suka shiga tsaka mai wuya. In sun tsaya a kan tsohuwar siffa, a ce ba su da sabon tunani. In sun kauce, a ce sun ci amanar suna, kamar yadda aka yi wa Dodge ca lokacin da ya sa sunan Charger a mota mai ƙofa huɗu a 2006, da kuma Ford lokacin da ya kira wata doguwar motar iyali mai lantarki Mustang Mach-E. Akwai ma iyakar da ƙarfe ya gindaya. Motocin da suna da siraran ginshiƙai da faffaɗan gilashi da ƙaramin jiki. Dokokin yau suna buƙatar rufin da ba zai murƙushe ba in mota ta kife, da ƙofofin da za su jure karo daga gefe. Idan aka shimfiɗa zanen 1969 a kan irin wannan jiki, ƙarfe yakan yi tsawo, tagogi su tsuke. Shi ya sa direbobin Camaro suka daɗe suna kukan cewa ba su ganin waje sosai.

Daga ina nauyin ya fito

Mustang ta farko ba ta kai kilo 1,300 ba, GTO ta 1964 kuma tana wajen kilo 1,550. Mustang GT ta yau ta haura kilo 1,700, Challenger SRT8 ta 2008 ta kusa kilo 1,900, Hellcat kuwa ta taɓa tan biyu. Bambancin a fili yake, ko da yake manyan motocin 1970 masu injin lita 7 su ma sun kai kilo 1,700 ko fiye.

Wani kaso na nauyin kuɗin fansar rai ne. A 2009 cibiyar binciken haɗurra ta kamfanonin inshorar Amurka ta gwara Chevrolet Bel Air ta 1959 da Chevrolet Malibu ta 2009. Ɗakin direban tsohuwar ya murƙushe, na sabuwar ya tsaya kusan yadda yake. Jakunkunan iska, da ƙarfafan ƙarafa, da sassan da aka tsara su lanƙwashe su shanye karo, duk suna da nauyi. Wani kason kuma ƙarfin ne da kansa ya jawo shi. Injin da ke fitar da doki 700 yana buƙatar manyan birki, da faffaɗan tayoyi, da giya mai jure wahala, da lagireto fiye da ɗaya. GTO ta asali da ƙananan birki irin na ganga ta zo, waɗanda kan yi sanyi bayan taka biyu ko uku masu ƙarfi.

Babban dalilin kuwa na tattalin arziki ne. Mota mai ƙwanji ba ta taɓa samun ƙashin kanta ba, aro take yi, domin aron ne ke sa ta yi araha. A shekarun 1960 kusan kowace motar Amurka tayoyin baya ke tura ta, saboda haka akwai ƙanana masu sauƙin kuɗi da za a ara, irin su Falcon da Tempest. Zuwa shekarun 2000, ƙananan motoci duk sun koma jan tayoyin gaba, abin da ya rage mai turin baya sai manyan motocin alfarma. Challenger ta gaji ƙashin Chrysler 300, wanda ke ɗauke da wasu sassa da aka samo daga Mercedes-Benz lokacin haɗakar kamfanonin biyu. Camaro ta 2009 ta gaji na Holden Commodore. Da kayan babban gida aka gina su, dole su yi nauyin babban gida.

An taɓa gwada sauraron masu ƙorafi. Camaro ta 2016 ta koma kan ƙashin ƙaramar Cadillac, ta zubar da kimanin kilo 90 ko fiye, ta zama gwanar kwana, mujallar Motor Trend ta ba ta kambun motar shekara. Cinikinta ya yi ta raguwa, daga fiye da 80,000 a 2014 zuwa ƙasa da 25,000 a 2021. A wannan shekara ta 2021 Challenger, wadda ta fi su duka nauyi da tsufan tsari, ta sayar da fiye da 54,000, ta wuce har da Mustang a kasuwar Amurka. Tana da faɗin kujera, da wurin kaya, da laushin tafiya mai nisa, tana kuma kama da 1970. Mai shekara sittin da ke da kuɗin saye ya zaɓi abin da bayansa da gwiwoyinsa suke so.

Lissafin farashi

Dala 3,000 ta 1964 ta yi daidai da kimanin dala 30,000 ta 2024. A kusan wannan kuɗi aka sayar da Mustang mafi araha ta 2024, mai silinda huɗu da ƙarfin doki 315 na ainihi, wadda za ta tsere wa yawancin jaruman shekarun 1960. Mustang GT mai silinda takwas da doki 480 ta fara ne daga dala 40,000 da ɗoriya, ƙasa da matsakaicin farashin sabuwar mota a Amurka, wanda ya kai kimanin dala 48,000 a 2024. Tana gama rubu'in mil cikin daƙiƙa 12 da wani abu, inda yawancin na da suke ɗaukar 14 zuwa 15. Idan aka auna da abin da iyali ke samu, wato kimanin dala 6,600 a shekara a 1964 da kimanin dala 100,000 a 2023, kason da motar ke ci bai canza sosai ba.

Duk da haka masu ƙorafin ba su yi kuskure gaba ɗaya ba. Motocin da ake magana a kansu, waɗanda ke cika shafukan mujallu, na saman tsani ne. Challenger Hellcat ta 2015, mai na'urar cusa iska da doki 707, ta fara daga wajen dala 60,000. Demon 170 ta 2023, mai doki 1,025, ta kusa dala 100,000 kafin dillalai su ɗora nasu. Mustang GTD ta haura dala 300,000. Kamfanoni sun gano cewa riba tana wajen sayar da ƙididdigaggun motoci ga masu tara su, waɗanda da yawansu kan kulle su a gareji suna jiran ranar gwanjo. Sannan lissafin iyali yana ɓoye halin matashi. Ɗan shekara ashirin na 1966 yana iya fita daga masana'anta da albashin da zai biya bashin mota. Takwaransa na yau yana fama da bashin karatu da kuɗin haya da inshorar da har yanzu ke hukunta ƙuruciya. Matasan da ke son gudu da araha sun daɗe da komawa ga tsofaffin motoci, da ƙananan motocin Japan irin su Honda Civic da Nissan 240SX, waɗanda suka riƙa yi wa gyare-gyare tun shekarun 1990.

Abin da ya rage

Idan aka haɗa ƙorafe-ƙorafen uku, abin da masoya ke nema shi ne mota mai sauƙin nauyi irin ta 1965, da farashin Road Runner, da fuskar da suka sani, tare da ƙarfi da aminci da sanyin na'ura na yau. Babu kamfanin da zai iya haɗa waɗannan a mota ɗaya, domin arahar ta da ta samu ne daga rashin abubuwan da doka da mai saye ba za su yarda a cire ba yanzu. A ma'aunin gudu da birki da tsawon rai, shekarun 2015 zuwa 2023 sun fi 1964 zuwa 1971 nesa ba kusa ba. Abin da suka rasa shi ne matashin da zai iya shiga shagon dillali da albashinsa ya fito da ɗaya.

Wannan rashi ne ke barazana ga makomar motocin fiye da dokar hayaƙi. Kasuwar da aka gina a kan bege tana tsufa tare da masu begen. Waɗanda suka cika shekara 18 a 1964 suna dab da tamanin yanzu. A 2024 Mustang Mach-E mai lantarki ta fi Mustang mai fetur ciniki a Amurka, Charger mai lantarki kuwa ba ta samu karɓuwar da aka yi fata ba, har Dodge ya mayar da hankali ga nau'inta mai shan fetur da silinda shida. Kamfanonin suna laluben mai saye na gaba, ba su kuma gama gane ko wane ne ba.

DeLorean da abokansa ba su yi kwaikwayon motar 1924 ba lokacin da suka haɗa GTO. Sun duba abin da ke cikin rumbun kamfani, suka duba aljihun matasan zamaninsu, suka haɗa biyun ta ƙofar da doka ta bari a buɗe. Duk wanda zai maimaita nasararsu, da fetur ko da batir, daga aljihun ɗan shekara ashirin zai fara lissafi, kuma mai yiwuwa motar da zai fitar ba za ta burge masu tuna 1970 ba.